Yadda Shukor Ya Sayar da Ɓaunar da Ba Tasa Ba

Duk wanda ya ce maka ritaya zaman banza ce, to bai zo garinmu Klang na ƙasar Malesiya ya ga yadda muke yi ba. Ni dai tun da na ajiye aikin gidan waya ban sake sayen biskit da kuɗina ba, balle man girki. Dabarar ba ɓoyayya ba ce. Ka sayi hannun jari ɗari, mafi ƙanƙantar abin da ake sayarwa, a kamfanin da ka san masu shi ba marowata ba ne. Shekara na zagayowa dole su gayyace ka taron masu jari. Ka sa tufafinka na fita kunya, ka hau jirgin ƙasa zuwa otal, a miƙo maka kyautar bakin ƙofa, ka sha sanyin esi kana gyangyaɗi ana karanto lissafi, ka ɗaga hannu in an ce a ɗaga, ka ci shinkafa da kaza, ka dawo gida da leda a kowane hannu. Muna da yawa, Malay da Sinawa da Indiyawa, kuma jagoranmu Mista Teoh ne, tsohon makanike, wanda ya san ranar taron kowane kamfani fiye da ranar haihuwar jikokinsa.

Mutum ɗaya ne ya raina mana wannan sana'a, kuma Allah ya haɗa ni da shi ta inda ba ni da mafita: Shukor, mijin ƙanwata Rohaya. Kak Long yake ce mini, babbar yaya, amma da irin muryar da ake kiran mage. Da ya bar aikin tashar jiragen ruwa, kaf kuɗin sallamarsa ya zuba a kan wata farar Marsandi kwance. Kullum da safe sai ya yi mata wanka kafin ya yi nasa. Rohaya tana soya kayan ƙwalama tana kai wa shaguna, amma a bas take ɗauka, don ya ce warin mai yana kama kujera. Daga gidansu zuwa shagon shayin Kader, in ka yi tari a nan sai a ji a can, amma da motar yake zuwa, ya ajiye ta inda kowa zai yi tuntuɓe da ita. In ka cire motar nan daga Shukor, abin da ya rage gashin baki ne da surutu.

To, sai ya je wani kwas na ƙarshen mako a Kuala Lumpur, ya dawo da takardar shaida da sabon suna. Ya ce mu duka ikan bilis ne, 'yan mitsi-mitsin kifin nan da ake soyawa a barbaɗa a gefen shinkafa, shi kuwa jerung ne, ƙaton kifin teku mai haɗiye irinmu ba tare da ya tauna ba.

Wata safiya muna shagon Kader, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya sanar da mu cewa ya gano yadda ake cin riba idan farashi ya faɗi. Ya fizgo laimar Mista Teoh ba ko sallama, ya shimfiɗa ta a tebur tsakanin kofuna. Ya ce mu ƙaddara ya ari wannan laima yanzu da ake ruwa, ya sayar wa wancan mai babur ɗin ringgit goma. Gobe rana ta fito, ba mai neman laima, ya sayo irinta ringgit shida, ya mayar wa Teoh kayansa da ɗan abin shayi. Sauran ya zama nasa. Ya ce haka manya suke yi da hannun jari: dillali ya aro maka na wani, ka sayar da tsada, ka jira farashi ya zube, ka saya da araha ka mayar wa mai shi.

Mista Teoh ya janye laimarsa ya matse ta tsakanin gwiwoyinsa.

"To in ruwan bai ɗauke ba fa?"

"Ankul, ai irinmu ne muke ɗauke ruwan."

Rohaya ta tambaye shi a hankali ko ya halatta mutum ya sayar da abin da ba nasa ba. Ya ce mata shi ya sa har yau take hawa bas.

Kamfanin da ya zaɓa ya kashe shi ne na biskit ɗin nan mai tambarin ɓauna biyu, wanda tun muna yara Ɓauna Biyu kowa yake ce masa. Hujjarsa kuwa, wai mai kamfanin, tsohon nan mai sarautar Datuk, ya kusa mutuwa a tsaye, biskit ɗin bai canza ba tun zamanin Turawa, kuma masu jarinsa duk tsofaffi ne irinmu, in aka yi atishawa da ƙarfi za mu watse mu zubar da abin da ke hannunmu. Ya je wajen dillalinmu, Mista Selvam, ya ce a aro masa hannun jarin Ɓauna Biyu tuli guda. Selvam ya ce ba a ba da aro sai da jingina. Shukor ya fita ya dawo da jingina. Rohaya ba ta san daga ina ba, sai da wani mutum ya zo ƙofar gida yana ɗaukar hoton Marsandi gaba da baya. Ta zo mini da kuka. Ni kuwa takaici ya hana ni ko rarrashinta, don na san in motar nan ta tafi, ita za ta zauna da abin da ya rage.

Ya sayar a ringgit ɗaya, ya zauna yana jiran faɗuwa. Farashin ya tsaya cak kamar an buga masa ƙusa. Kullum Shukor yana zauren Selvam, inda muke zuwa shan sanyi muna kallon allunan farashi, yana harɗe da ƙafa yana cewa gobe ne. Goben ta ƙi zuwa, kuɗin aro kuma yana tafiya. Sai ya ce lokaci ya yi da zai ɗauke ruwan da kansa.

Ya sayo babban gwangwanin Ɓauna Biyu, ya jingina wayarsa da kwanon sukari a shagon Kader, ya fara magana da duniya kai tsaye. Ya ce jama'a su dubi wannan abu da ake kira biskit, wai ko tayil ɗin banɗaki ya fi shi taushi, sai an tsoma a shayi kafin haƙori ya shiga. Ya tsoma, ya ci, ya yamutsa fuska. Ya ce bari ya ƙara ɗaya don kada a ce ya yi zalunci. Ya ƙara. Daga nan bayani ya ɗauke shi, ya shiga zancen ribar kamfani da tsufan Datuk, hannu kuma yana aikinsa tsakanin gwangwani da kofi da baki. Kader, ɗan duniya, ya lallaɓo ya ajiye masa wani shayin. Mu dai muna kallo. Lokacin da Shukor ya kai ga cewa nan da 'yan kwanaki ko kare ba zai shinshina wannan biskit ba, hannunsa ya taɓo gindin gwangwani. Ya leƙa ciki, ya karkata shi, ya zazzage garin a tafin hannu ya watsa a baki.

Kafin azahar jikokina na Johor sun turo mini bidiyon. Ƙasar nan kaf ta ga dattijon da ya zo zagi ya cinye gwangwani, aka raɗa masa Pak Cik Gwangwani, wato Kawu Gwangwani. Yara suka shiga kwaikwayonsa, shaguna suka wayi gari ba Ɓauna Biyu ko na magani, farashin jari ya ɗaga kai. Selvam ya kira shi ya ce a ƙaro jingina. Shukor ya ce mana wannan ai shure-shure ne, haka kamfani yake yi in zai mutu.

Sai ya zauna ya yi tunani, kuma a nan ne ya yi mana mummunar fahimta. Ya ce tunda don kyauta da shinkafa muke riƙe da jarin, to a cire kyauta da shinkafa a gani. Ya sayi sabon layin waya, ya shige banɗaki, ya toshe hanci, ya aiko saƙon murya cikin zauren wayar da muke sanar da juna ranakun taro. Wai shi ma'aikaci ne a ofishin kuɗi na Ɓauna Biyu, ba zai faɗi sunansa ba, amma tsakaninsa da Allah kamfani ya tsiyace, bana ba gwangwani, ba shinkafa, ruwan gora ma rabi-rabi za a raba. Mai hankali ya sayar tun da wuri.

Yawancinmu ba su saurari saƙon har ƙarshe ba, don tun a kan "ba shinkafa" jini ya hau. Ni na saurara. Can ƙarshe, bayan mai toshe hanci ya gama, ana jin bugun ƙofa da muryar da na sani tun tana cikin zanin goyo. Na kife wayar na rufa masa asiri saboda ƙanwata.

Shukor ya zaci za mu ruga mu sayar. Bai san mu ba. Mai neman riba shi ne yake gudu in ya ji labari. Mu abincinmu aka taɓa. Washegari da safe motocin bas suka sauke mu a ƙofar masana'antar, tsofaffi cike da titi, masu sanda da masu keken guragu da masu laima, Mista Teoh a gaba da wasiƙun gayyatar shekarun baya yana kaɗa su sama. Wata tsohuwa 'yar Indiya ta zauna a gaban motar kaya ta ce sai dai a bi ta kanta. Shukor yana can tsallaken titi cikin Marsandi, gilashi a rufe, yana murmushi, wai tarzoma ce za ta ƙarasa kamfanin.

Datuk ya fito da kansa, ana riƙe da shi ta gefe biyu, a fusace. Ya ce tun zamanin mahaifinsa ba a taɓa sallamar mai jari da yunwa ba, kuma wanda ya ƙaga wannan ƙarya ya zagi kabarin ubansa. Ya ce don a san ɓauna tana da rai, bana duk wanda sunansa ke cikin masu jari zuwa ƙarshen wata zai karɓi babban gwangwani, da laima mai tambari, da shinkafar biryani da naman akuya. Kuma da kai za a ƙirga, mai ɗari da mai dubu ɗari duk ɗaya.

Wayyo, da kai za a ƙirga! Kafin mu koma bas kowa ya fara lissafin kawunan gidansa. Aka saya wa mata, aka saya wa 'ya'ya, aka saya wa surukai har waɗanda ba a ga maciji da su. Ni na saya wa ɗana da matarsa. Rohaya ma ta kwance kuɗin soye-soyenta ta sayi ɗari, ba ta gaya wa mijinta ba. Kowa yana saye, ba mai sayarwa, don wa zai rabu da biryani ana gobe za a ɗora tukunya? Farashi ya wuce ringgit biyu bai ko waiga ba.

Shukor ya rame a tsaye, amma bakin bai rame ba. Ya ce duk wanda ya hau zai sauko, shi dai zai jira bayan taro. Sai Selvam ya kira shi ya gaya masa babu zancen jira. Mai jarin da aka aro masa ya ce a dawo masa da kayansa kafin a rufe sunaye, domin jarin da ke hannun aro ba ya cikin sunan mai shi, kuma wanda ba sunansa ba gwangwaninsa. Dole Shukor ya saya ya mayar, ko nawa ne.

Ranar ƙarshe zauren Selvam ya cika har bakin matakala. Wasu sun zo da abincinsu. Marsandi tana ƙasa daidai taga, ya wanke ta tana ƙyalli. Shukor ya shigo da kwat, ya dubi allo, ya ga layin masu saye ya yi tsawo, na masu sayarwa kuwa fayau. Ya fara bin mu ɗaya bayan ɗaya, da ni ya soma. Yau Kak Long ɗin da daɗi ta fito, har da sunkuyawa. Na ce masa ni 'yar mitsitsin kifi ce, me zan tsinana wa jerung?

Da ya ga lallashi bai yi ba, sai ya hau kujera. Ya ce duk wanda ya sayar masa da ɗarinsa, shi zai saya masa gwangwani biyu a kanti, da laima, ya kuma kai shi gidan biryanin da ya fi kowanne a Klang. Tsohuwar nan da ta tare motar kaya ta dube shi sama da ƙasa, ta ce na kanti ai saye ne, ɗana. Na kyauta daɗinsa daban. Zaure ya amsa mata da gyaɗa kai.

Sai ya juya kan Selvam, ya ce a gaya masa wane marar imani ne ya matsa sai an dawo masa da jari yau, ya je ya same shi su yi magana ta manya. Selvam ya sosa ƙeya ya ce sirrin ciniki ne. Mista Teoh, da ke zaune a layin gaba yana ɓare gyaɗa, ya ɗaga hannu kamar a taron shekara. Ashe tun yana saurayi duk ɗan abin da ya samu a gareji Ɓauna Biyu yake saye, ya tara tuli, ya bar wa Selvam yana ba da aro ana ba shi na shayi.

"Laimata nake so, Shukor. Ruwan bai ɗauke ba."

Nan Shukor ya haukace. Daga kan kujerar ya shiga nuna mu da yatsa, ya ce wannan murɗiya ce tsagwaronta, mun haɗa baki mun kumbura farashi, doka ta hana, kuma yau ɗin nan zai kai ƙararmu hukumar kasuwa a kwashe mu har masu keken guragu. Ya ce ƙasar da ake barin jita-jita tana juya farashi ba ƙasa ba ce.

Mista Teoh ya ce shi ma abin yana damunsa. Ya ce 'yarsa ta sayo masa sabuwar na'urar kunne, yanzu har tafiyar ƙadangare yana ji, kuma akwai wani abu da yake so jama'a su taya shi saurara. Ya ciro waya, ya ƙure murya, ya kunna saƙon ma'aikacin ofishin kuɗi. Muka sake jin ba gwangwani, ba shinkafa, ruwa rabi-rabi. Sannan ƙofa ta yi bam bam bam, muryar Rohaya ta cika zauren, da Abang ɗin nan da matan Malay suke kiran miji da shi:

"Abang Shukor, da wa kake magana a banɗaki? Ka fito, mai kanti ya ce ba ka biya shi kuɗin sabulun mota ba."

Ban taɓa ganin tsofaffi sun yi dariya irin ta ranar ba. Wani haƙoran robarsa suka faɗo cikin kofi. Rohaya tana gefena ta ja gyale ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa, har yau ban sani ba kuka take ko dariya. Shukor ya ce ai Shukor suna da yawa a ƙasar nan. Ya ƙara da cewa muryar ma ba ta yi kama da tasa ba, sai wani daga baya ya ce to ya toshe hanci mu gwada.

Ana cikin haka Selvam ya ce lokaci ya ƙure, dole ya saya a madadinsa. Kuma ga abin da har yau yake ƙona mini rai: ana dab da rufe kasuwa sai ga jari ya fito tuli guda, a farashin da ya ninka na Shukor har ya ɗora. Wani babban kamfanin zuba jari ne na can cikin dogayen benayen gilashi, wanda ya yi lamo tun farko yana kallon wasan, ya jira sai da wuya ta kai wuya ya buɗe baki. Su ne jerung na gaske, ba su hau kujera ba, ba su shiga banɗaki ba. Mu muka tashi da gwangwani, su suka tashi da kuɗin Marsandi. In irinsu suna so farashi ya faɗi, rahoto suke bugawa da Turanci mai santsi, a kira shi bincike.

Motar jan mota ta iso tun ba mu watse ba. Duk muka taru a taga. Shukor ya sauka da gudu, ba don ya hana ba, sai don ya roƙi direban ya shimfiɗa jarida a kujera kafin ya zauna. Ya tsaya a titi yana kallo har suka sha kwana. A nan kam na ji tausayinsa ya tsirga mini, don ban taɓa ganin bakinsa a rufe haka ba.

Hukumar kasuwa ta neme shi, ba sai da ya kai ƙarar kowa ba. An ce matar da ta yi masa tambayoyi sai da ta fita waje ta dawo kafin ta iya ƙarasa sauraron saƙon. Aka ci shi tara, aka hana shi taɓa jari, aka sallame shi.

Ranar taron Ɓauna Biyu tare muka je da shi a jirgin ƙasa, don Rohaya ta ce gwangwanayen za su yi mana nauyi. Ba shi da suna, saboda haka a waje ya zauna kan benci, ƙamshin biryani na fitowa ta ƙarƙashin ƙofa yana samunsa. Masu wucewa suna tsayawa su ɗauki hoto da Pak Cik Gwangwani. Da muka fito muka loda masa kaya har haɓa.

Muna sa ƙafa a waje sama ta ɓalle. Nan take titi ya cika da sababbin laimomi, kowace da ɓauna biyu a kanta, mutum ɗaya ne kawai ruwa ke duka. Mista Teoh yana da biyu, sabuwa a sama, tsohuwa a hammata. Shukor ya matsa kusa da shi, ruwa na bin gashin bakinsa, ya ce Ankul, ko za a ɗan ara masa tsohuwar zuwa tasha.

Teoh ya dube shi, ya dubi laimar, ya ƙara matse ta a hammata ya yi gaba.

Rohaya ce ta tsaya. Ta ɗaga tata ta yi masa wuri a gefenta. Ya sunkuyo ya shiga, ya sauya wa gwangwanayen zama, ya miƙo hannu zai karɓi mariƙin kamar yadda ya saba karɓar komai. Ta janye hannunta.

"Ka shigo dai, Abang. Amma ni zan riƙe."